Akwatin Balbela

Shekara bakwai ina shawagi bisa Ikko da farin mayafi.
Hausawan Agege na ce min Balbela,
Yarbawan Obalende su ɗaga kai su ce Lekeleke.
Na taɓa tare tankar mai da ƙirjina a Ojuelegba,
na cafe wani saurayi, Jatau, a iska
daren da motarsa ta tsallake ƙarfen gada
tana neman bakin ruwa.

Sai wata Laraba wani ya yafa irin farina,
ya fasa rumbun magani a Apapa,
ya karya wa maigadi, Baba Lasisi, ƙashin baya.
Kafin la'asar hotona ya cika wayoyi.
Bakin da ya yi min guɗa shi ya yi min tofi.
Har mai kokon da ke ba ni bashi cewa ta yi,
"Dama farin kaya ba ya rasa abin ɓoyewa."

Ban yi musu ba. Wa ke jin rantsuwar tsuntsu?
Na naɗe mayafin na cusa a buhun garin rogo,
na sayi akwatin gyaran takalma
hannun wani Bazabarme mai shirin komawa gida:
buroshi biyu, basilla, zare, gam,
da baƙin mai da ya bushe a gwangwani.
Na ari tafiyar mai ciwon ƙugu.
Ƙwas, ƙwas, ina bugun katako daga Oshodi har Marina.

Ashe babu layar zana kamar talauci.
Ɗan sandan da ke nemana ya miƙo min ƙafa
yana karanta ladan kama ni a jarida,
ya jefo ɗari biyu, ya ce in ƙara mai.

Abu ɗaya na riƙe:
sawun da aka bari cikin garin maganin da ya zube.
Ƙafar hagu, lamba arba'in da uku,
dunduniya ta cinye ta gefe, ƙusa uku a jere,
ta huɗun ta fita.
Fuska ta iya ƙarya. Takalmi bai koya ba.

Kwana hamsin da biyu ruwan Ikko na dukan ƙeyata.
Takalman lauyoyi, na kwandastan danfo,
na wata malamar asibiti da ta yi gyangyaɗi ina ɗinki.
Hannun da ya ɗaga tirela
ya koyi jan zare ba tare da ya tsinka ba,
kuma wallahi wannan ya fi wuya.

Ƙarƙashin gadar Ijora, da hantsi,
ƙafa ta sauko daga baƙar mota.
Na juya takalmin. Ƙusa uku.
Na ɗaga ido a hankali.
Jatau.
Shi kaɗai ya taɓa ƙanƙame mayafin nan
har ya san inda ɗinkinsa ya bi.
Yana waya, yana dariya, bai dube ni ba.

Da yatsa ɗaya zan iya maida shi inda na tsamo shi.
Sai na ce, "Yallaɓai, wannan sai gobe,"
na zura masa silifa.

Sufeto Adunni ta aza takalmin kan hoton sawu,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Baba Lasisi, daga gadonsa, ya shaida muryar.

Yanzu rediyo na roƙon Balbela ya dawo.
Ya dawo; da dare ina tashi.
Amma wankin suna bai miƙar da bayan tsoho ba,
kuɗin akwatin nan ke sayo masa magani.
Da safe ina nan gindin gada.
Jiya mai koko ta kawo takalmin ɗanta, ya yage a baki,
tana ba ni labarin ita dama ba ta taɓa yarda ba.
Na ce to.
Na lashi zare, na nemi ramin basilla.